Mu Zana Hanyarmu Da Kanmu, Amma Da Ido Biyu



Tun 1916 aka kafa Sabon Badun, amma yawancinmu da aka haifa a nan ba mu san ƙasar Yarbawa ba sai ta tagar mota. Daga shago sai tasha, daga tasha sai Kano. Kakanninmu fatake kuwa da ƙafa suka ratsa ta, sun san kowane rafi da kowane zango. Ni a ganina lokaci ya yi da matasanmu za su rataya jaka su taka ƙasar nan, a kan hanyar da suka haɗa da kansu.

Ga wadda nake tsarawa. A hau mota zuwa Moniya, a bar sabon titi, a kama tsohuwar hanyar Oyo ta Akinyele da Fiditi. Tsakanin Badun da Oyo kusan kilomita 50 ne, in ana cin 20 a yini, kwana uku ya isa har da hutu. Daga Oyo sai Iseyin, garin masaƙa aso-oke, sannan Ado-Awaye inda tabki yake a saman dutse. Taswirar waya titi kawai ta sani. Hanyoyin gona da ke haɗa ƙauye da ƙauye sai a bakin 'yan acaba da masu shiga ƙauyuka sayen kaya, kuma ba sa rowar kwatance in ka iya gaisuwa. A yi tafiyar a Disamba ko Janairu, don da damina rafuka kan yanke hanya.

To amma fa ba mu zama ɗaya da Baturen yawon buɗe ido ba. Bahaushe da jaka a hanyar daji, wani kallo ake yi masa. Ba mu manta rikicin Shasha na 2021 ba, ga kuma mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris 2025 suna hanyar komawa gida. Wasu dattawa saboda haka suke cewa a haƙura kawai. Ban yarda ba, don zaman da muke yi a ƙunshe cikin Sabo shi ke sa mu zama baƙi har abada. Abin yi shi ne a tsara hanyar bisa mutane: kowane masauki ya zama garin da ke da Sarkin Hausawa, a tafi da takardarsa, a gaida Baale kafin a ratsa ƙauyensa, a sanar da 'yan Amotekun. Katin NIN a aljihu, ban da wuƙa ko da ta yankan lemo ce. Mutum uku ko huɗu, ɗaya ya ji Yarbanci sosai, in da abokinmu Bayarabe ma ya fi. La'asar ta same ku cikin gari.

Duk mai dangi a Sabon Oyo ko Iseyin, ya fara tambayo mana wurin kwana.