TUTU: Zane ɗaya, fam miliyan 1.2

Ranar 28 ga Fabrairu, 2018 aka buga ƙararrawar gwanjo a kamfanin Bonhams da ke Landan, aka sallama wani zanen fenti a kan fam miliyan 1.2. Masana sun yi masa kuɗi tsakanin fam dubu 200 zuwa dubu 300, amma masu saye suka yi ta tayawa har ya wuce nan nesa ba kusa ba. Ba fim ba ne, babu waƙa babu rawa, hoton wata budurwa ce kurum ta ɗan juyo da fuska, da ɗaurin ɗankwali a ka. Duk furodusan da ya samu wannan kuɗi a Kano, ai sai ya yi ta shirya fim har ya gaji.

Wanda ya zana shi Ben Enwonwu ne, haifaffen Onitsha a 1917. Mahaifinsa masassaƙi ne, don haka ba da ka ya shiga sana'ar ba. Ya yi karatu a makarantar zane ta Slade da ke Landan, kuma a 1956 aka ba shi aikin ƙera mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, har ta riƙa zama masa a fadar Buckingham yana auna ta. Wani aikinsa mai suna "Anyanwu" Nijeriya ta kai shi kyauta hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966. Ya zama farfesa a Jami'ar Ife a 1971, ya rasu a Legas a 1994.

A can Ife ya ga Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarauta, wadda ake kira Tutu. Hoto uku ya yi mata tsakanin 1973 da 1974. To a lura, lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, sai ga Inyamuri ya zana gimbiyar Yarbawa. Jama'a suka karɓi abin hannu bibbiyu, aka yi ta buga kwafinsa ana maƙalawa a falo da ofis. Amma na ainihin, duk ukun suka ɓace ɓat. Sai a 2017 wani jami'in Bonhams, Giles Peppiatt, ya tarar da ɗaya rataye a wani ƙaramin gida a arewacin Landan.

Nan ne abin ya sha bamban da harkar fim, kuma nan ya kamata 'yan kallo su tsaya. A zamanin kaset da sidi, furodusa yakan kai "masta" Ƙofar Wambai, kuma kwafin da za a buga shi ne kasuwar. Da 'yan satar fasaha sun riga shi fitarwa, shi ke nan, uwar kuɗi ta nutse, an bar shi da bashin 'yan wasa. A zane kuwa akasin haka ne. Yawan kwafin Tutu da ya cika gari shi ya ƙara wa na ainihin daraja, domin kowa ya san fuskar, amma ƙyallen da hannun Enwonwu ya taɓa guda ne tak a gaban masu saye.

Shi ya sa mai son sayen zane na gaske ba ya tsayawa a bakin titi. Gidajen baje kolin zane ake zuwa, irin Nike Art Gallery da ke Lekki a Legas. Can za a faɗa maka wanda ya zana, da shekarar, da irin fentin, a ba ka takardar shaida da rasit. In tsohon aiki ne, sai an bi diddigin hannuwan da ya ratsa. Sa hannu kaɗai ba hujja ba ce, ɗan damfara ma ya iya shi. Mai gidan yana cire kasonsa, wani lokaci har rabi, abin da ke sa wasu matasan masu zane gunaguni, kamar dai yadda furodusoshi suka daɗe suna yi da 'yan kasuwa. Sai dai gaskiya ɗaya ce: shi ne ya san masu kuɗin.

Abin takaicin yana gida. A Zariya Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Uche Okeke suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai masu zane a 1958, kuma har yau Jami'ar Ahmadu Bello na yaye masu zane duk shekara. Amma a duba falon Alhaji a finafinan Hausa: kujeru na alfarma, labule na alfarma, a bango kuwa hoton fulawa na kanti. Haba! Darakta ɗaya ya ari aikin ɗalibi ya rataya, ya sa sunansa a ƙarshen fim, ai yaron ya samu talla.

A 2019 wani zanen Enwonwu, "Christine", ya tashi fam miliyan 1.1 a gwanjon Sotheby's. Iyalin da ke da shi a Amurka ba su san darajarsa ba sai da suka laluba sunan mai zanen a intanet. Sauran Tutu biyun kuwa har yanzu cigiya ake yi.