Idan Tanka Ta Kife, Wa Zai Sayi Yashi?

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Mai ya malala, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, sama da mutum 180 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. An yi ta'aziyya, an kafa kwamiti, an tara gudummawa. Tambayar da ta hana ni sakat tun lokacin ƙarama ce a ido: a awannin farko bayan mai ya zube a kan titi, wa ke da alhakin wurin, kuma da kuɗin wa?

Ba daga nesa nake tambaya ba. Hanyar Kano zuwa Daura ta ratsa Kazaure, tankoki na bin ta dare da rana. Babura na bakin iyakar Nijar. Mutanen Roni da Gwiwa kuwa, duk litar da suka saya a bayan mota ta iso musu. Abin da ya faru a Majiya ba shi da shamaki da mu.

Mutane da yawa na ɗauka idan an janye motar, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Kwalta daga ɗanyen mai ake samun ta, don haka fetur da gas suna narkar da ita kamar yadda kalanzir ke wanke fenti daga hannu. Tsakuwar da ta riƙe sai ta saki. Gas ya fi muni wajen santsi, domin ba ya saurin bushewa. Mai babur da ya taka shi sai dai wani ikon Allah. Idan damina ta tarar da wurin a haka, ruwa ya shiga ƙarƙashi, tabon da 'yan tifofin yashi da ɗan faci za su magance ya zama ramin da zai kayar da wata tankar.

To, a nan ake fara jifan juna da alhaki. Hanyar Kano zuwa Daura ta Tarayya ce, gyaranta na wuyan hukumar FERMA. Wasu hanyoyin na jiha ne. Ƙaramar hukuma, wadda tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kula da tituna da magudanan ruwa na cikin gari, tana iya cewa wannan ba gonarta ba ce. A takarda tana da gaskiya. Amma ita ce kusa, kuma 'ya'yanta ne za a kai maƙabarta kafin wasiƙa ta isa Abuja.

A da, uzurin shi ne asusun haɗin gwiwa: kuɗi na Dutse, sai an nemi izini. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, na sani, amma shugaban da ke neman cin gashin kai ya kamata ya nuna abin da zai yi da shi.

Ba cewa nake Kazaure ta sake shimfiɗa titin Tarayya ba; ba ta da wannan ƙarfi. Abin da nake nema shi ne layi guda a kasafin kowace daga cikin huɗun nan, na gaggawar hanya kawai: yashi, shingen tare jama'a, hayar tifa da gireda, da facin wucin gadi. A rubuta sunan jami'in da zai iya sa hannu da tsakar dare ba tare da jiran zaman majalisa ba. Daga baya a bi mai motar da kamfanin inshorarsa bashin abin da aka kashe, a liƙa lissafin a allon sakatariya.

Kafin a amince da kasafin baɗi, zan je wurin kansilan mazaɓata in nemi ya nuna mini wannan layin da adadin da aka rubuta a gabansa.