Zauren Tarihi: Yadda Ake Gane Zinaren Sarakunan Rum

Kwanan baya wani tsohon ɗalibinmu ya kawo mana wani kuɗi mai ɗauke da kan sarki, wai na Rumawa ne, an yi masa tayinsa da araha. Muka ce ya dakata, domin araha ba ta ado.

Da farko a ɗora shi a sikeli. Zinaren zamanin sarki Agustus, wanda ake kira aureus, nauyinsa kusan giram 8 ne. Sarki Nero ya rage shi zuwa kamar giram 7.3. Shi kuwa solidus, wanda Kustantin ya fito da shi wajen shekarar 310, giram 4.5 ne. Daga baya dinarin Halifa Abdul Malik ya biyo sawunsa da giram 4.25, wato miskali.

Na biyu, a karanta rubutun da ya zagaye kan sarkin. Sunansa na nan, kuma AVG laƙabin sarauta ne. CONOB a ƙasan bayan solidus na nufin tataccen zinare na birnin Kustantiniyya.

Na uku, Rumawa da guduma suke buga kuɗinsu. Idan aka ga layin haɗi a gefe, ko 'yan ramuka, to zubi ne, jabu.

Na ɗalibin namu bai kai giram 3 ba, kuɗinsa sun tsira. Wanda kuwa ya dace da na gaske, kada ya kai maƙera a narke. Ya nuna wa ma'aikatan gidan tarihi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.