Kumburin mai ciki ba alamar tagwaye ba ne

A daminar bara wata 'yar ƙanwata ta koma gidan iyayenta goyon ciki a wani ƙauye na ƙasar Kebbe. Cikin fari ne, wata takwas. Ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ta cika, zoben hannunta ya ƙi fita. Tsofaffi suka yi ta guɗa wai tagwaye ne. Da ta fara kukan ciwon kai da ganin walƙiya a idonta, aka ce zafin gari ne. Daren Alhamis ta faɗi tana jijjiga, aka ce iska ce, aka kunna turare. Sai da asuba aka samu mota zuwa asibiti. Ta rayu, amma ɗan bai zo da rai ba.

Ra'ayina a nan a fili yake: abin da ya fi cutar da matanmu a wannan ciwo shi ne fassarar da muke yi masa da jinkirin da ke biyo baya.

Hawan jinin mai juna biyu, wanda likitoci ke kira firi-iklamsiya, yakan bayyana bayan sati 20 na ciki. Ana gane shi idan awon jini ya kai 140/90, tare da furotin a fitsari ko alamar ciwon ya taɓa ƙoda ko hanta. Tushensa daga mabiyiya yake, idan jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari na masu ciki. Ya fi yawa ga mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda ta haura shekara 40, da mai hawan jini ko ciwon suga tun asali. Idan aka bar shi, jijjiga ce ke biyo baya.

Muguntarsa ita ce yakan zo shiru. Mace tana daka tana girki, jininta yana hawa ba ta sani ba. Shi ya sa awon ciki bai zama ganin dama ba. Tun 2016 hukumar ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Ga wadda ke cikin haɗari, likita na iya ɗora ta a kan ƙaramin asfirin da sinadarin kalsiyam, amma kada ta sayo da kanta a kemis.

Za a ce da ni asibiti da nisa, ga kuɗin mota, ga hanya da damina. Gaskiya ne. Mai zuwa daga Kuchi ko Sanyinna ya san wannan. To amma nisan ne ya sa ya wajaba a tashi da wuri. Babban asibitin Tambuwal da na Kebbe sun fi kusa, kuma idan abin ya gagara, daga nan ake turawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Akwai allura mai araha, maganiziyam salfet, wadda wani babban bincike a ƙasashe 33 ya nuna a 2002 cewa tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Sai dai allura ba ta riskar wadda ke kwance a ɗaka.

Maigida, ka bayar da izinin zuwa asibiti tun cikin yana ƙarami, ko kana gari ko kana cin rani, ka kuma ajiye kuɗin mota. Iyaye mata, kunyar ɗan fari ado ce, amma kada ta hana yarinya faɗin ciwonta. Ciwon kai mai tsanani, duhun gani, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ko ɗa ya rage motsi: kowanne ya isa a tafi a ranar.

Idan ta fara jijjiga, a kwantar da ita a gefen hagu. Kada a cusa mata cokali, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, kada a yi mata hayaƙi. A nemi mota. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a hanya. Idan likita ya ce a ciro ɗa kafin lokaci, ko da tiyata, a amince, domin fitar mabiyiya ce ke karya ciwon.

Bayan haihuwa ma da saura, don yana iya tasowa har cikin kwanaki arba'in. A sake auna jinin mai jego, kuma wadda jininta ya hau a sassauta mata kunun kanwa, domin gishirin da ke cikinta yana ƙara wa zuciya nauyi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sauki matanmu lafiya.