Yadda Laƙabi Ya Zama Sunan Gado A Ingila

Duk wanda ya saba jin sunayen Turawan Ingila zai lura kowa yana da na yanka da kuma na zuriya. To, a da ba haka abin yake ba. Kafin shekarar 1066 suna ɗaya mutum ke da shi. In takwarori sun yi yawa sai a ƙara masa laƙabi, ran da ya mutu laƙabin ya bi shi.

A shekarar ne Wiliyam, sarkin Normandi ta ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, ya raba wa jarumawansa filaye. Da yake ƙasa abin gado ce, sai manya suka soma bar wa 'ya'yansu sunansu don kada a yi gardamar magaji. Talakawa suka bi sahu sannu a hankali, domin malaman haraji da na kotu suna bukatar rarrabe wannan John da wancan. Wajen shekarar 1400 yawancin gidajen Ingila sun sami sunan gado.

Tushen sunayen nan huɗu ne. Akwai na sana'a: Smith maƙeri ne, Taylor maɗinki, Baker kuwa mai gasa burodi. Akwai na uba, kamar Johnson, watau ɗan John. Akwai na mazauni, kamar Hill, wanda ke zaune kusa da tudu. Akwai kuma na kama, kamar Armstrong, mai ƙarfin damtse.

Amma da laƙabi ya shiga takarda sai ya daina faɗin gaskiyar mai shi. Smith ya fi kowane suna yawa a Ingila, alhali akasarin masu amsa shi ba su taɓa zuga ba. Margaret Thatcher, wadda ta zama Firayim Minista a 1979, ma'anar sunanta mai baibayar ɗaki, kuma na mijinta ne, gama sunan gidansu Roberts.

Irin wannan rajista ce ta biyo Turawa zuwa makarantun boko na Arewa, inda ɗalibai da yawa suka ɗauki sunan garinsu, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Saboda haka mai rubuta wa yaro suna a makaranta ya natsu tukuna, don mai yiwuwa jikokin yaron ma shi za su amsa.