An Ƙara wa Mota Sifirin, An Bar Burki Yadda Yake

Ina zaune a kan benci a wani gareji da ke kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, ina jiran a yi mini juyen mai, sai ga wani Alhaji ya shigo da farar Hilux. Motar ta sha ado. An ɗaura mata ƙarfen gaba kamar ƙahon ɓauna, fitilu huɗu a saman rufi, ga tayoyi manya masu kaushi da suka fi waɗanda ta zo da su tsayi. A baya kuma an ƙara mata sifirin, ta ɗaga ƙugu kamar zakara. Ya ce burki ne ke masa kuka. Bakanike ya kwance taya, ya zaro abin da suke kira fad, wato ɗan takalmin nan da ke matse faifan burki. Ya cinye tas, ƙarfe ke gogar ƙarfe, faifan ya yi zane-zane kamar an yi masa tsaga.

"Alhaji, kala uku ne a kasuwa. Akwai orijina, akwai mai bi masa, akwai na lallaɓawa."

"Sa mini na lallaɓawar, Malam. Ai burki burki ne."

"Ranka ya daɗe, da irin lodin da kake ɗauka..."

"Kai dai sa. Allah ke tsarewa."

Babu mai musun cewa Allah ke tsarewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kuɗin fitilun da ke saman motar nan sun isa su sayi orijina, har a samu canji. Mutumin ba talauci ya hana shi ba. Ya dai kashe kuɗi a inda ido ke gani, ya tsuke hannu a inda taya ta rufe.

Aikin burki shi ne ya mayar da gudun mota ya koma zafi, ta hanyar goga. Duk nauyin da ka ƙara, ka ƙara masa zafin da zai haɗiye. Gudu kuwa ya fi nauyi mugunta, domin motar da ke tafiyar kilomita 120 a awa tana bukatar burki ya shanye ninki huɗu na abin da zai shanye a kilomita 60, ba ninki biyu ba. Injiniyoyin Toyota, waɗanda ke ƙera Hilux tun 1968, sun auna burkinta ne a kan kayan da ba su wuce wajen tan ɗaya ba. Buhu goma ke nan na masara mai kilo 100. To wa ya taɓa ganin a-kori-kura ta taso daga Dawanau da buhu goma kacal? Sai an jibga mata har ta durƙusa, sannan mutane su hau saman buhunan suna reto da ƙafafu.

Ƙarin sifirin ɗin ma yana da wata illa da ba kowa ya sani ba. A tsofaffin Hilux da ire-irensu akwai wani ɗan bawul a kusa da gatarin baya, wanda ke lura da yadda bayan mota ya sauka. Idan ya sauka sosai, ya san an yi lodi, sai ya sakar wa burkin baya ƙarin ƙarfi. Da ka ƙara sifirin, bayan ba zai sauka yadda ya saba ba, sai bawul ya ɗauka motar fanko ce alhali tana ɗauke da siminti. Ka yaudari motarka ke nan da hannunka. Manyan tayoyin su ma ba kyauta suka zo ba, domin duk ƙarin tsayin taya yana rage ƙarfin da burki ke isarwa ƙasa.

Saboda haka ni ina cikin masu goyon bayan a inganta burki da kayan da ba na kamfanin motar ba, muddin na kirki ne. Mutane na raina duk abin da bai zo a kwalin Toyota ba, alhali kamfanoni irin su Akebono da Advics na Japan, ko Bosch na Jamus, ko Brembo na Italiya, su ne ma ke ƙera wa manyan kamfanonin motoci burki. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira R90, wadda ta wajabta cewa fad ɗin da za a sayar a madadin na asali kada aikinsa ya saɓa da na asalin da fiye da kashi 15 cikin 100, kuma ana buga lambar a jikinsa. (Masu jabu ma sun iya buga lamba, shi ya sa amanar mai shago ta fi kwali muhimmanci.) Wanda ya canza wa motarsa nauyi da tsayi, ya ci bashin burki, kuma biyan bashin shi ne fad mai jure zafi, faifai mai kauri da bai lanƙwashe ba, sabon tiyo a madadin wanda ya tsattsage, da sabon man burki.

Man burkin nan shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yana zuƙar danshi daga iska a hankali. Irin man da ake kira DOT 3, idan sabo ne, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa, 140 ma ta ishe shi. DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa 155. Idan mai ya tafasa a cikin bututu, tururi ke maye gurbinsa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa babu komai. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo a bayan motar lodi ya san warin nan na ƙonewa da ke fitowa daga tayoyinta, idan direba ya ƙi sa ƙaramar giya ya ɗora ƙafa a kan burki tun daga sama. Bayan haka sai a ce burki ya tsinke, kamar wani aljani ne ya tsinke shi. Shekara nawa man ya yi ba a juye shi ba, ba mai tambaya.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Wani matashi ya ga faifai mai huji-huji da jan fenti a intanet, ya yi oda, ya ɗauka ya sami lasisin gudu. Fad ɗin motocin tsere ba ya kamawa sosai sai ya ɗau zafi, a sanyin safiya cikin gari yana iya kasa na asali. Kuma duk tsadar burki, taya ce ke taɓa kwalta. Idan tayar ta zama sanƙo, ko Brembo ka sa, sulɓewa za ka yi.

Ban ɗora laifin duka a kan masu mota ba. Na san bakaniken da ke karɓar kuɗin orijina ya sa jabu, tunda mai mota ba zai leƙa ƙarƙashi ba. Na taɓa gani da idona an daddage bututun burkin taya ɗaya da guduma saboda yana yoyo, aka ce wa direba ukun sun ishe shi. Ana cire ƙwan fitilar gargaɗin ABS don kada ta dami mai saye. Hukumar FRSC tana kan titi tun 1988, SON kuma aikinta ne ta sa ido a kan ingancin kaya, amma babu jami'in da zai kwance taya huɗu a shingen bincike. Abin da ke cikin tayar nan tsakanin mutum biyu ne, mai mota da bakanike, da Wanda ke ganinsu.

Araha ba ta ado, haka Hausawa suka ce, sai dai a maganar burki karin maganar ba ta kai ƙarshen zancen ba. Wanda ya sayi takalmi mai araha, ƙafarsa ce za ta sha ƙaya. Wanda ya sayi fad mai araha yana zaune ne a cikin ƙarfe, da bel, da ƙahon ɓauna a gabansa. Ragowar kuɗin da ya adana, mai acaɓa ne zai biya, ko yarinya mai tallar gyaɗa a bakin hanya, ko leburorin da ke saman buhuna, kuma babu wanda aka shawarta a cikinsu lokacin da ake ciniki a gareji.

An sa wa Alhaji na lallaɓawar, a ɓangare ɗaya kawai, don ya ce ɗayan da saura. Faifan mai tsaga aka mayar yadda yake. Ya biya, ya ba yaron gareji na shayi, ya ce sauri yake, lodi na jiransa. Bakanike ya bi motar da kallo har ta sha kwana, ya goge hannu da tsumma, ya juyo gare ni.

"Malam, naka man burkin ma ya yi baƙi fa. Yaushe rabonka da juye shi?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ban tuna ba.