Takardun Girgizar Ƙasa: Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

A ɗakunan ajiya na jami'o'i da ofisoshin binciken ƙasa na ƙasashe da dama, akwai miliyoyin takardu jibge cikin akwatuna. Ba kome a jikinsu sai layuka a jere, wani wuri a miƙe, wani wuri a karkace kamar sawun maciji bisa rairayi. Ƙasa ce da kanta ta zana su, duk sa'ad da ta motsa. Yanzu masana suna shawarar ko ya kamata a kashe kuɗi a mai da waɗannan layuka su zama lambobi, yadda kwamfuta za ta iya aiki da su. Ni dai a ganina ya kamata, kuma ba da jinkiri ba. Bari in kawo dalilaina.

Da fari sai mu san yadda aka yi takardun. Na'urar awon girgizar ƙasa ta dā tana da wani nauyi da a ke ratayewa. In ƙasa ta motsa, jikin na'urar ya kan motsa tare da ita, amma nauyin ya kan so ya tsaya inda ya ke. Bambancin nan shi allura ta ke zanawa a kan takarda da aka naɗe jikin wata ganga, wadda ke juyawa sannu da ƙarfin agogo. Wata takardar da hayaƙin fitila a ke baƙanta ta, allura ta riƙa karce baƙin. Wata da tawada a ke yi, wata kuwa takardar hoto ce, ɗan tsinin haske ke rubutu a kanta cikin duhu. Kullum ma'aikaci ya kan sake sabuwa, ya rubuta sunan tasha da kwanan wata da kuskuren agogo. A 1889 aka fara kama girgiza daga nesa, sa'ad da wata na'ura a Potsdam ta ƙasar Jamus ta rubuta girgizar da aka yi a Japan. Rubutu da lambobi bai yaɗu ba sai cikin shekarun 1970 da 1980. Ke nan labarin kusan shekara casa'in a kan takarda ya ke.

To, me wannan ya haɗa da ɓawon duniya? Ku ɗauki duniya kamar dafaffen ƙwai, dutsen da mu ke zaune a kai shi ne ɓawon. Ba wanda ya taɓa haƙa rami ya huda shi, saboda haka da girgiza a ke auna kaurinsa. Ran 8 ga Oktoba 1909 aka yi girgizar ƙasa kusa da birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya. Wani masani, Andiriya Mohorobicic, ya tattara takardun tashoshin Turai ya gwama su. Sai ya ga a tashoshi masu nisa motsin ya iso sau biyu, na farkon kuma ya riga lokacin da a ke zato. Ya gane cewa wani sashe na motsin ya nutsa ƙasa ya bi ta cikin dutsen da ya fi ƙarfi, inda ya ke gudun kimanin kilomita 8 a daƙiƙa, alhali a cikin ɓawo kimanin 6 ya ke yi. Da haka ya gano iyakar ɓawon duniya. Yau mun san kaurinsa ƙarƙashin teku bai cika wuce kilomita 10 ba, ƙarƙashin tudu ya kan yi 30 zuwa 50, ƙarƙashin Tibet kuwa har wajen 70. Ku lura, takardun da waɗansu suka ajiye ne ya karanta da sabon ido.

Dalilina na farko shi ne, ƙasa ba malami ba ce da za ka ce ta maimaita darasi. Girgiza mafi girma da aka taɓa aunawa ita ce ta ƙasar Cile, ran 22 ga Mayu 1960, mai ƙarfin 9.5. Mai bi mata ita ce ta Alaska a 1964, mai ƙarfin 9.2. Dukansu an yi su kafin zamanin lambobi. Wani wurin kuma babbar girgiza ta kan yi ɗaruruwan shekaru ba ta komo ba, to, ina rubutun shekara arba'in ko hamsin zai isa a san halinsa? Haka nan tsakanin 1971 da 1988 Tarayyar Sobiyet ta fasa bama-baman nukiliya cikin ramuka masu zurfi musamman don auna cikin ƙasa. Aka jera na'urori a layuka, waɗansu tsawonsu ya wuce kilomita 3,000, aka ɗauki motsin a zaren tef. Tun da aka tsara yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a 1996, ba mai sa ran a sake irin wannan aiki. Da ba a mai da abin da ke cikin zaren nan lambobi ba cikin shekarun 1990, da an yi hasarar da ba ta da mayi.

Dalili na biyu, ilmi ya ci gaba, abin da mutanen dā suka ɗauka shara ne yau ya zama dukiya. Ko ba a yi girgiza ba, allura ba ta tsayawa cik, kullum tana ɗan rawa, yawanci saboda igiyar teku da ke dukan ƙasa. Dā ba a kula da wannan rawa. Yanzu an sami dabarar lissafi da a ke gwama rawar tashoshi biyu, a san irin dutsen da ke tsakaninsu. Daga ita kuma a kan san ƙarfin guguwar teku a shekarun da ba tauraron ɗan'adam. Amma lissafin nan ba ya yiwuwa da ido da rula, sai layin ya zama lambobi.

Dalili na uku, takardun suna lalacewa. Laima da gara da gobara ba su san darajar ilmi ba. Fim ɗin da aka kwafe waɗansu a ciki, in ya tsufa ya kan yi warin tsami ya lanƙwashe. Zaren tef yana bukatar injin da aka daina ƙerawa. Tsofaffin ma'aikata da suka san halin kowace na'ura kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Na san akwai masu cewa na'urorin dā ba su da inganci: allura tana zana baka maimakon miƙaƙƙen layi, agogo yana kuskure, in girgiza ta yi ƙarfi layuka su kan sarƙe. Suna cewa gara a sayi sababbin na'urori da kuɗin. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, kuma ba mai ƙin sababbin tashoshi. Amma sabuwar tasha daga ranar da aka kafa ta za ta fara rubutu, ba za ta faɗa maka abin da ya faru jiya ba. Bakan allura kuwa ana miƙe shi da lissafi in an san tsawon hannunta. Ba kuma dukan tsofaffin ne marasa inganci ba. Tun daga 1961 Amurka ta kafa tashoshi wajen 120 a faɗin duniya da na'urori iri ɗaya da agogo masu kyau, don ta riƙa jin gwajin nukiliya. Rubutunsu ya taimaka ƙwarai wajen tabbatar da cewa ɓawon duniya faifai-faifai ne masu motsi. In kuɗi bai isa duka ba, sai a zaɓa: manyan girgizoji tukuna, da wuraren da ba su da tashoshi da yawa.

In za a yi aikin, a yi shi sosai. Ɗaukar hoton takarda rabin aiki ne, sai an bi layin an fid da lambobinsa daƙiƙa bayan daƙiƙa. A haɗa da littafin tasha, domin layi ba tare da bayanin agogo da na'ura ba kamar wasiƙa ce ba kwanan wata ba sa hannu. Kada a ƙone takardun asali bayan an kwafe, gama dabarar gobe za ta fi ta yau. A kuma buɗe abin da aka samu ga kowa. Aikin hannu ne mai cin lokaci, amma bai fi ƙarfin ɗalibai ba. A Jami'ar Harvard an shirya wata manhaja mai suna DigitSeis don takardun tasharsu na 1933 zuwa 1953, kuma 'yan makarantun sakandare na Japan sun sa hannu cikin aikin.

Kada wani ya ce wannan maganar ƙasashen nesa ce. Ran 22 ga Yuni 1939 girgiza ta rushe gidaje ta kashe mutane a Akara, babban birnin Gana. A Disamba 1983 ta kashe ɗaruruwa a arewacin Gini. A nan gida an ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, da Mpape ta Abuja a 2018. Ƙasar da girgiza ba ta cika zuwa mata ba ita ta fi bukatar dogon labari, domin darussanta kaɗan ne, kowanne kuwa da tsada. Tashoshin nesa sun rubuta ta Akara. In takardunsu suka zama lambobi, masu bincikenmu na cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauci za su iya aiki da su daga inda su ke, su ba masu gina madatsun ruwa da dogayen benaye shawara bisa hujja.

Saboda haka ina kira ga hukumomin binciken ƙasa da jami'o'inmu su duba ɗakunan ajiyarsu, su lissafta abin da ke ciki, su kuma nemi kwafin abin da ya shafe mu daga waje. Ku kuwa 'yan'uwa masu shirin koyar da lissafi da labarin ƙasa, ga aiki na gaske da yaran sakandare za su iya, in sun sami kwamfuta da malami mai haƙuri.